Ruwa ne Mai Masaukin Baƙi: Nazarin Yawon Buɗe Ido a Gashuwa da Nguru

Idan lambar yabo ce ke kawo baƙi, da yankin Gashuwa da Nguru ya daɗe da cika. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta wancan zamani, ya zo tafkin Dagona kallon tsuntsaye, lokacin yana shugabantar asusun kare namun daji na duniya, WWF. A 1991 aka kafa Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Chadi, aka sa dausayin Bade da Nguru ya zama ɗaya daga cikin sassansa uku. A watan Oktoban 2000 tafkin Nguru da mashigar Marma suka zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya, da faɗin hekta 58,100. Tafkin Dagona ya bi sahu a 2008, tare da dausayin Baturiya na jihar Jigawa. A 2020 kuma hukumar UNESCO ta amince da yankin Haɗeja, Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhallin halittu. Duk da wannan, mutumin da ya sauka a tashar motar Gashuwa yau da niyyar ganin gari da ruwansa, da wuya ya sami wanda aikinsa ke nan ya ce masa ga inda ake shiga jirgi, ga kuɗin da ake biya, ga lokacin da ya fi dacewa.

An saba ɗora laifin a kan rashin otal da rashin talla da matsalar tsaro, kuma kowanne yana da kamasho a ciki. Amma ina ganin akwai abin da ya gabace su. Abin kallon wannan yanki ruwa ne mai zuwa da tafiya, da dukkan rayuwar da ke biye da shi. Duk tsarin karɓar baƙi da bai ginu a kan kalandar wannan ruwa ba, da mutanen da suka san ta, ba zai yi ƙarko ba. Kuma ruwan nan, kamar yadda za a gani, ba a jihar Yobe ake yanke hukunci a kansa ba.

Gashuwa tana bakin kogin Yobe, ɗan ƙasa kaɗan da inda ruwan Haɗeja da na Jama'are suke haɗuwa. Na Jama'are daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauchi da Katagum. Na Haɗeja kuwa haɗakar kogin Kano ne da na Challawa. Da zarar kogunan biyu sun bar ƙasa mai duwatsu sun shigo shimfiɗaɗɗiyar ƙasar kwarin Chadi, sai gudunsu ya ragu, su tarar da tsofaffin jigayin yashi sun tare musu hanya, su rarrabu hannu-hannu suna zagaye tuddai. Daga nan aka sami mashigar Marma da ke kai ruwa tafkin Nguru, da Burum Gana, da tsohon kogin Haɗeja, da tafkuna da fadamu marasa iyaka. Ruwan sama a nan kaɗan ne, daminar ma gajeruwa ce. Abin da ke raya ƙasar shi ne ruwan da aka yi a can kudu da yamma, wanda yake ɗaukar makonni yana tafiya kafin ya iso. Shi ya sa kogi a Gashuwa yake kai maƙura a ƙarshen damina, wajen Satumba zuwa Oktoba, lokacin da hadari ya fara ƙaura.

Wannan jinkiri shi ne asirin komai. Ruwa ya malala, kifi ya bi shi cikin ciyawa ya yi ƙwai, shinkafar fadama ta tashi tare da shi. Idan ya fara janyewa a kaka, manomi ya bi laima da wake da sauran amfanin rani, masunci ya tare kifin da ke neman komawa kogi, Bafulatani ya gangaro da shanu kan ɗanyar ciyawa. A daidai wannan lokaci ne tsuntsayen Turai da na arewacin Asiya suke ƙetaro Sahara, kuma wannan dausayi yana cikin wuraren ruwa na farko da suke tararwa bayan hamada. Suna zuwa wajen Oktoba da Nuwamba, su juya a Maris. Saboda haka lokacin baƙo a wannan ƙasa daga Nuwamba ne zuwa Fabrairu, cikin hunturu. Wanda ya zo a Afrilu ko Mayu zai tarar da zafin da ya haura digiri 40 da tafkunan da suka koma tsagaggen laka. Wanda ya zo a Satumba zai ga ruwa iya ganinsa, amma hanyoyin ƙauyuka sun yanke, masu gari kuma hankalinsu yana kan jingar da ke kare gidajensu, kamar yadda aka sha fama a ambaliyar 2022.

Yana da kyau a tsaya a dubi abin da baƙon hunturu zai gani, domin mutanen da suka tashi a cikinsa sukan ɗauke shi ba komai ba. Bayan sallar asuba, da sauran sanyi, mai kwale-kwale yana tsaye a ƙarshen jirginsa yana tura shi da doguwar sanda, domin ruwan bai kai zurfin da filafili zai yi amfani ba. Jirgin yana ratsa ganyen bado, wasu ƙananan tsuntsaye masu dogayen yatsu suna taka ganyen suna tafiya a kai ba su nutse ba. Kafin ido ya ga kirinjijiya kunne ya riga ya ji fitonta, garke guda suna tashi lokaci ɗaya. Ga dinya da nauyin jikinta, ga zalɓe tsaye shiru yana dakon kifi, ga balbela fari fat a kan bagaruwar da ruwa ya kewaye. Can tsakiyar tafki kuma ƙananan agwagin Turai ne, waɗanda suka yi tafiyar dubban kilomitoci, suna kiwo kafaɗa da kafaɗa da na gida. Masu ƙidayar tsuntsaye sun rubuta nau'i fiye da 300 a wannan dausayi. Gauraka, wadda dattawa suka saba gani a fadamu, ita ce ta yi ƙaranci ƙwarai a duk faɗin Nijeriya, har ganinta ya zama abin labari.

Sai kuma masunci a kan gora. Wannan dabara ce da ta cancanci a zo daga nesa don a gan ta. Mutum ya kifa cikinsa a kan ƙatuwar gora mai baki a sama, yana tuƙa kansa da ƙafafu da hannuwa, homa tana gabansa. In ya kama tarwaɗa ko karfasa ya jefa ta cikin gorar da yake kwance a kai, wato abin hawansa shi ne ma'ajinsa. Babu inji, babu ƙara, tsuntsun da ke kusa ma ba ya tashi. Daga bakin ruwa kifin ya wuce wurin banda, inda ake lanƙwasa tarwaɗa a soke ta, a jera kan waya bisa hayaƙi, a yi ta juyawa har ta yi baƙi ta bushe, sannan a cusa a kwali a ɗora wa motocin da za su kai ta Kano da kudancin ƙasa. Baƙon da ya bi kifi ɗaya tun daga homa har kwali ya fahimci tattalin arzikin Gashuwa fiye da wanda aka karanta wa jawabi.

To amma duk wannan yana rataye ne a kan zuwan ruwa da janyewarsa a kan lokaci, kuma shekara hamsin ke nan ana taɓa wannan tsari. An kammala madatsar Tiga a 1974, ta Challawa a 1992, aka kuma yi shingen ruwa na aikin noman rani na kwarin Haɗeja. Waɗannan ayyuka suna shayar da birnin Kano da gonakin Kadawa, kuma ba mai musun amfaninsu. Sai dai sun riƙe mafi yawan ruwan kogin Haɗeja, sun kuma sauya halinsa. Masu bincike sun ƙiyasta cewa filin da ambaliya ke rufewa, wanda yakan kai hekta 250,000 zuwa 300,000 a shekarun 1960, ya sauko zuwa tsakanin 70,000 da 100,000 a shekarun da suka biyo bayan madatsun da farin da aka yi. Wannan raguwa ita aka fi ambata. Wadda ta fi ta ɓarna a wajen Nguru ita ce ta biyu: kogin da a da yake cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu ana sako masa ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara.

Kachala ba abin da take so kamar haka. Ciyawa ce da ke son ruwa marar zurfi wanda ba ya ƙafewa. A da rani ne yake kashe ta, yanzu ba ranin da ke isa gindinta. Ta yi tsawo ta fi mutum, ta yi kauri har jirgi ba ya ratsa ta, saiwarta tana tare laka har hanyar ruwa ta cike. Da hannuwan kogin da ke nufar gabas suka toshe, sai ruwan Haɗeja ya karkata ya bi Marma, ya kwanta a kan gonaki da makiyayar ƙauyukan da ke kewayen tafkin Nguru, ya ƙi tafiya. Sakamakon shi ne garuruwa biyu da ke tsakanin kusan kilomita 65 suna kuka iri biyu: Nguru ruwa ya yi mata yawa kuma ba ya motsi, Gashuwa kuwa ruwan Haɗeja kaɗan ne ke isowa gare ta, mafi yawan abin da ke wucewa ƙarƙashin gadarta na Jama'are ne. Cikin kachalar ne kuma jan-baki ke kwana, tsuntsun da ke iya share gonar gero ko shinkafa a yini ɗaya. Ya kamata mai son kawo masu kallon tsuntsaye ya riƙe wannan a ransa. Idan ka ce wa manomin Marma tsuntsu dukiya ne, jan-baki ne zai fara faɗo masa a rai, kuma yana da gaskiyarsa.

Ga mai yawon buɗe ido, illar kachala a fili take. Ta rufe sararin ruwan da agwagi ke sauka, ta tare ido, ta toshe hanyar da jirgi zai bi daga wannan tafki zuwa wancan. Al'ummomin yankin sun sha fitowa gayya da lauje da adda suna sharar hanyoyin ruwa, gwamnatoci ma sun kawo injuna a lokuta daban-daban, amma muddin ba a bar kogi ya riƙa ƙafewa da rani ba, ciyawar dawowa take yi. Tun 1987 aka kafa shirin kiyaye dausayin Haɗeja da Nguru, da hannun ƙungiyar IUCN da ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya da gidauniyar kiyaye muhalli ta Nijeriya, aka kuma buɗe ofishinsa a Nguru. Daga aikin wannan shiri ne aka sami littafin da Hollis da Adams da Aminu-Kano suka shirya a 1993, da kuma lissafin da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi, wanda ya nuna cewa kowane ma'aunin ruwa da aka bari ya malala a dausayi yana samar da amfanin da ya ninka na wanda aka tare don aikin noman rani na kogin Kano. Lissafin nasu ya tsaya ne a kan noma da su da itacen girki kawai. Ba su sa kiwo ba, ba su sa ruwan rijiyoyin da ambaliya ke cikawa ba, balle kuɗin baƙi.

Akwai wurin da ya yi kama da namu wanda za a iya auna kai da shi. Gandun tsuntsaye na Djoudj a arewacin Senegal yana bakin kogin Senegal, shi ma a gefen hamada, shi ma masaukin tsuntsayen Turai ne, kuma yana cikin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 1981. Su ma sun ga tasu: bayan an gama madatsar Diama a 1986 kachala da wasu ciyayin ruwa suka mamaye musu wurare. Amma baƙon da ya kwana a birnin Saint-Louis ya san zai tashi da safe, ya biya kuɗin shiga a ƙofa, ya shiga jirgi, a kai shi tsibirin da dubban kwasakwasa ke ƙyanƙyasa, ya dawo kafin la'asar. Abin lura biyu ne. Na farko, masu kula da gandun suna da ƙofofin ruwa da suke buɗewa da rufewa don kwaikwayon ambaliyar da. Na biyu, mutanen ƙauyukan kewaye suna cikin masu tuƙa jiragen da masu yi wa baƙi jagora. Ba wani gini na a-zo-a-gani ya ɗaga Djoudj ba. Tafiya ɗaya ce ta sa'o'i kaɗan, mai farashi sananne, wadda ake iya maimaitawa kullum tsawon watannin sanyi.

Mu kuwa abin da muka fi mayar da hankali a kai shi ne biki. Bikin kamun kifi na Bade da ake yi a Gogaram abin alfahari ne, kuma farfaɗo da shi da aka yi bayan shekarun da rashin tsaro ya dakatar da shi ya faranta ran duk mai ƙaunar wannan ƙasa. Masunta da gorunansu da homarsu suna jiran a ba da izini, su auka ruwa gaba ɗaya, ga kiɗa, ga ninƙaya, ga tseren jirage, ga Mai Bade da hakimansa. Tushensa ma darasi ne, domin a al'adar wannan dausayi bulama ko sarkin ruwa yana da ikon hana su a wani tafki har sai lokacin da aka ga ya dace a buɗe shi, kuma wannan hani ne ke sa a sami manyan kifayen da ake nunawa. Wato bikin shaida ne cewa mutanen nan sun san kiyaye ruwa tun kafin a zo musu da takardar Ramsar.

Sai dai biki kwana ɗaya ne ko biyu a shekara. Manyan baƙi sukan zo cikin jerin gwanon motoci, su zauna a rumfa, a yi jawabai, a ba da kyaututtuka, su juya kafin magariba, da yawansu ba su kwana ba, ba su sayi ko tabarma ba. Argungu, wadda bikinta ya samo asali tun 1934 kuma UNESCO ta karrama shi a 2016, ta isa misali: shahararsa ba ta hana a yi kusan shekara goma ba a gudanar da shi ba kafin a dawo da shi a 2020, kuma duk wanda abincinsa ya dogara da shi ya ji a jikinsa. Bikin da kasafin gwamnati ke ɗauke da shi yana tsayawa ranar da kasafin ya tsaya. A ganina amfanin bikin Gogaram shi ne ya zama ƙofa, ranar da dubban mutane za su ji cewa akwai abin dawowa a gani a sauran watanni uku na hunturu. In ba a tanadi wannan abin dawowar ba, an yi shela ne babu kaya a kasuwa.

Gogaram ɗin kanta tana da labarin da ya wuce na kifi. Ita ce garin da Mai Lawan Babuje ya kewaye da ganuwa a farkon ƙarni na 19, ya tara Badawa a ciki suka tsare kansu tsakanin manyan maƙwabta biyu, Borno ta gabas da masarautun Haɗeja da Katagum ta yamma da kudu. Nan ce fadar Bade har zuwa 1946 da aka mayar da ita Gashuwa. Wanda ya tsaya a kan ragowar ganuwar ya dubi fadamun da ke kewaye zai gane da kansa cewa ruwa da surƙuƙi suna cikin abin da ya kare garin daga dawakin mahara. Nguru kuma mazaunin Galadiman Borno ce a da, mai tsaron iyakar yamma, sannan ta zama ƙarshen layin dogo daga Kano wajen 1930, inda gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu suke hawa jirgi. Tsohuwar tashar da unguwannin da suka tashi a kewayenta, da cakuɗuwar Mangawa da Hausawa da Fulani da mutanen kudu har da zuriyar fataken Larabawa, duk abin zagayawa ne da ƙafa a yini guda. Mai ƙarin kwanaki zai iya miƙawa arewa zuwa tuddan yashin Tulo-Tulo da dausayoyin Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari, ko ya bi kogi gabas zuwa kufan Birnin Ngazargamu kusa da Geidam. Kuma a jihar nan ne, a Dufuna, wani makiyayi mai haƙar rijiya ya ci karo da kwale-kwale a 1987, wanda bincike ya nuna ya kai shekara 8,000, mafi tsufa da aka taɓa samu a Afirka. Jihar da ke da wannan jirgi bai kamata a ce ba ta da tafiyar jirgi ɗaya tsararriya da za ta nuna wa baƙo ba.

Wane baƙo ake jira? Nan ne nake ganin an fi yin kuskure. Tun zuwan Yarima Philip, hoton mai yawon buɗe ido a zukatan jami'ai shi ne Bature da madubin hangen nesa a wuya. Wannan baƙo ba zai zo da yawa nan kusa ba. Tun dokar ta-ɓacin 2013 ƙasashen Turai da Amurka suke gargaɗin mutanensu kada su shiga Yobe, kuma hare-haren da aka kai Dapchi a 2018 da Geidam a 2021 sun ƙara tsawaita gargaɗin, ko da yake yammacin jihar ya fi gabashinta kwanciyar hankali nesa ba kusa ba. Kamfanin inshora a Landan ba ya bambance Nguru da Gujba. Ko a cikin gida ma sunan Gashuwa yana da nasa nauyin: mutanen kudu da yawa sun san shi ne ta gidan yarin da gwamnatin soja ta tsare lauya Gani Fawehinmi a 1989, a 'yan shekarun nan kuma labarin ambaliya da ciwon ƙoda ne ke kai sunan garin jaridu. Mopti ta ƙasar Mali, wadda jiragen ruwanta suka rayu da kuɗin Turawa, ta ga yadda wannan kasuwa ke watsewa dare ɗaya bayan rikicin 2012.

Baƙon da ke kusa shi ne wanda ba a kula ba. Akwai Jami'ar Tarayya a Gashuwa tun 2013, ga Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, ɗalibansu da malamansu daga jihohi daban-daban suke, kuma da yawa za su gama karatu ba su taɓa zuwa Dagona ba. Akwai sassan nazarin ƙasa da na halittu a jami'o'in Kano da Dutse da Damaturu da Maiduguri, waɗanda dole su fitar da ɗalibai aikin fili kowace shekara. Akwai 'yan makarantun sakandare da ke haddace sunan dausayin Haɗeja da Nguru don jarrabawa. Akwai iyalan Kano da ke neman inda za su kai yara hutun ƙarshen shekara, wanda ya faɗo daidai tsakiyar lokacin tsuntsaye, kuma tafiyar ta 'yan sa'o'i ce ta Haɗeja. Waɗannan ba sa buƙatar biza, suna jin Hausa, suna cin abincin da ake ci, masaukin da suke nema mai tsabta ne mai ruwa da makewayi, da wurin salla, da inda mata za su sake. Kuɗin kowannensu kaɗan ne, amma suna da yawa kuma suna dawowa. Akwai kuma ribar da ba ta kuɗi ba: yaron Kano da ya ga inda ruwan Tiga yake ƙarewa, ya ga gonar da kachala ta cinye, wata rana shi ne injiniya ko ɗan majalisar da za a kawo wa maganar sakin ruwa.

Hausawa sun ce da ɗan gari akan ci gari, kuma a harkar ruwa wannan ba karin magana ba ne kawai. Hanyar da jirgi ya bi bara ta yiwu bana kachala ta rufe ta. Masunci ne ya san wannan, shi ya san tafkin da dinya ke kwana, da lokacin da iskar hunturu ke tayar da igiyar ruwa. Yana da sunayen tsuntsaye da kifaye da Badanci ko Manganci ko Hausa waɗanda ba su cikin kowane littafin jagora, kuma Badanci harshe ne da Hausa ke ci a hankali, don haka duk sana'ar da za ta sa a biya mutum saboda ya san waɗannan sunaye tana da amfani biyu. Abin da ya rage masa kaɗan ne: ɗan horo kan karɓar baƙi, madubin hangen nesa ko guda biyu, da farashin da ƙungiyarsu ta amince da shi aka rubuta a allo a bakin ruwa don kada a yi ta ciniki da zargi.

Wannan yana kuma taɓa wani tsohon ciwo. Keɓe Dagona ya zo da hani a kan su da kiwo da farauta da saran itace a wurin da kakannin mutane suka saba shiga, kuma ma'aikatan gandu kaɗan ne a kan fili mai faɗi. Mutumin da aka hana shi abu bai ga abin da ya samu a madadi ba, zai shiga da dare. Idan wani kaso sananne na kuɗin shiga yana komawa ƙauyen, ana ganinsa a rijiya ko ajin makaranta, idan ɗan ƙauyen ne ke tuƙa jirgi, matan ƙauyen ne ke sayar da abinci da tabarmin kaba da faifai, to agwagwar da ke kan ruwa ta fi ta cikin tukunya daraja a idon kowa, kuma gandun ya sami masu gadin da ba ya biyansu albashi.

Maganar rigar ruwa ba ta son a yi mata sassauci. Kusan kowace shekara ana jin kifewar kwale-kwale a kogunan Yobe da Jigawa, kuma dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da ƙima, tafiyar dare, tsohon jirgi, ba ko rigar kariya ɗaya. Jirgin ɗalibai guda ya kife, an rufe wannan babi na shekaru. Tun ranar farko dole a ƙayyade yawan mutanen da kowane jirgi zai ɗauka, kowa ya sa riga, a daina fita bayan la'asar sakaliya. In aka fara da jiragen baƙi, ana iya sa ran al'adar ta yaɗu zuwa jiragen ranar kasuwa, inda aka fi asarar rayuka.

Duk waɗannan ana iya yinsu da kuɗi kaɗan, a matakin masarauta da ƙaramar hukuma da hukumar gandun daji. Wanda ya fi ƙarfinsu shi ne ruwan kansa. A 2006 gwamnonin jihohi shida da kogin ya ratsa, wato Filato, Bauchi, Kano, Jigawa, Yobe da Borno, suka haɗu a Damaturu suka amince da kafa asusun kula da kwarin kogin, kuma masana sun daɗe suna ba da shawarar a riƙa sako ruwa mai yawa daga Tiga da Challawa da damina don a kwaikwayi ambaliya, a rage shi da rani don kachala ta ji ƙishi. Aiwatar da wannan yana hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are da ke Kano. Sannan ga batun madatsar Kafin Zaki a jihar Bauchi, wadda aka fara aka dakatar, ake kuma tayar da maganarta lokaci zuwa lokaci. Jama'are shi ne babban kogin da ya rage ba a datse ba, kuma shi ne ke kawo ambaliyar da ke cika fadamun Gogaram da Gashuwa. Mutanen Bauchi suna da hujjarsu ta neman noman rani, kuma ba a ce kada a saurare su ba. Amma duk ranar da aka zauna kan wannan magana, ya kamata a ga masu kula da yawon buɗe ido na Yobe a teburin, kusa da wakilan manoman shinkafa da masunta da makiyaya, riƙe da ƙidayar tsuntsayen watan Janairu da adadin baƙin da suka shiga jirgi a wannan shekarar.